Hannun da Ba Ya Saki

A unguwar Treichville duk wanda ya san gidanmu ya san mu da abu ɗaya: idan namijin gidan ya ba ka hannu, to ka manta da sauri. Babanmu, Allah Ya jiƙansa, haka yake gaisuwa. Zai kama hannunka ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi mutanen Kano da ya baro tun yana saurayi, kuma ko bayan tambayoyin sun ƙare hannunka na nan cikin nasa. Sai ka ga ya ɗan karya wuyan hannu yana zare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ba ya son ku rabu. Mutane suna ƙaunar abin. Da yayana Sani ya taso da irin gaisuwar nan sak, dattawan unguwa suka ce ɗa ya gaji ubansa wajen son jama'a. Mu kuma muka ɗauka muka yafa, muna taƙama da shi har a gidan biki.

Sunana Rabi. Ɗinki nake yi a Adjamé, shagona na bayan gidajen 220 Logements, inda nake aure. Yaya Sani ya rasu saura kwana uku Babbar Sallar da ta wuce, bayan jinyar da ba ta kai wata uku ba, kuma ni na yi jinyarsa. Na rubuta wannan ne don danginmu na nan da na gida, musamman waɗanda aka taɓa yaba wa gaisuwarsu. Ku karanta har ƙarshe kafin ku ce Rabi ta fara surutunta.

Yaya aikin fitar da kaya yake yi a tashar jiragen ruwa. Alhazan da ke shigo da kaya su ba shi takardu, shi kuma ya bi ofis-ofis har kwantena ta fito. Matarsa ta rasu tun 'yarsu Nafisa tana firamare, bai sake aure ba, suna zaune su biyu a ɗakunan da Baba ya bari a gidan haya na tsakar gida ɗaya da muka taso a ciki. Nafisa yanzu ta zama budurwa, tana sayar da wayoyi a wani shago, Hausarta rabi Faransanci ce.

Wata Talata ina tsakiyar yanka wani leshi aka kira ni daga tashar. Abokin aikinsa ne.

“Tanti Rabi, zo ki ɗauki yayanki. Ya yi barci a tsaye a layin kwastan, takardun mutane a hannunsa, mun yi mun yi mun kasa ƙwata.”

Dariya na fara yi, Allah Ya yafe mini. Ai Sarkin Barci muke ce masa tun muna yara. Mutumin da bas ya sha wucewa da shi unguwarsu sai an tashe shi a tashar ƙarshe. Na je na same shi zaune a kan wani buhu, idanunsa rabi a buɗe kamar kullum, yana kallon wani ƙaton jirgi da ake sauke wa shinkafa. Ya ce mini, “Rabi, yanzun nan na dawo daga Kano. An yi ruwa a can.” Sau biyu kacal ya taɓa zuwa Kano a rayuwarsa.

A garin nan duk wanda ya ce jikinsa ba ƙarfi, palu ne, wato zazzaɓin sauro. Muka sayi maganin palu ya sha na kwana uku. Barcin bai ragu ba.

Mako na biyu na masu shawara ne. Kawu Garba, ƙanin mahaifiyarmu, wanda ke shigo da kayan masarufi kuma shi ne babbanmu a nan, ya zo da babbar rigarsa ya zauna a kujerar Baba ya ce sammu ne, abokan aiki ne suke masa hassada, ya aiko da rubutu a galan. Maƙwabciyarsu, wata 'yar ƙabilar Jula, ta kawo saiwoyi masu ɗacin da har ƙuda ba ya sauka a kan kofin. Wata ta ce sukari ne, muka je aka gwada, aka ce ya ɗan hau, a rage shayi. Kowa ya sami abin da zai ce ai ya faɗa. Ni kuma kullum da hantsi in rufe keken ɗinki in tsallaka gada da kular abinci, in same shi a inuwar bishiyar tsakar gida yana gyangyaɗi, damina ta fara, iska mai ɗumi tana kawo warin gishiri da kukan jiragen ruwa. Idan ya farka sai ya ba ni labarin inda ya je. Ran nan ya ce ya ga Baba a bakin ruwa yana gaisawa da mutanen wani jirgi, har jirgin ya kasa tashi saboda Baba bai saki hannun direban ba. Ya kuma ce mini fitilun tashar sun fara yin gashi-gashi a idonsa. Na ce to ai ga shi nan, tsufa ne, alhali bai cika hamsin ba.

A mako na uku ya ce ya gaji da zama, in raka shi mu hau jirgin fasinja da ke tsallaka ruwa, ya sha iska. Muna tsakiyar ruwa yana tsaye ya riƙe ƙarfen gefe, yana nuna mini wurin da suke iyo suna yara, sai maganar ta tsaya a bakinsa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, kansa ya tafi wajen ruwa. Hannun nan ne bai saki ƙarfen ba. Mutane suka yi caa a kansa, wasu na cewa yako, yako, wato sannu a yaren garin, wata mata ta zuba masa ruwan leda a fuska. Bai fi minti ɗaya ba ya buɗe ido yana tambaya me ya tara mutane. Sai da wani ɗan sanda ya ɓamɓare yatsunsa daga ƙarfen kafin aka zaunar da shi.

Da Kawu ya ji labari ya ɗaga hannu sama. “Kun gani? Hannun ubanku ne ya cece shi.” Gaskiya ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ta ƙara rufe mana ido.

Daga nan muka shiga asibiti. Ba zan kama sunan ko ɗaya ba, na gode musu duka, amma wanda bai taɓa zaman benci daga sallar asuba zuwa la'asar da lamba a hannu ba bai san tsawon yini ba. Fanka na juyawa a hankali, mai shara na wucewa da ruwan sabulu, ana kiran sunaye da irin lafazin da sai an kira Sani sau uku kafin ka gane kai ake nufi. Yaya ya jingina kansa a kafaɗata ya yi barci, ni ma wani lokacin in bi shi. Akwai yinin da na farka ban san ko na yi mafarkin an kira mu ba ne ko an kira mu da gaske. An kira mu da gaske, kuma layin ya wuce, sai washegari.

Likitar zuciya, wata 'yar siririya mai gilashi, ta manna masa wayoyi a ƙirji, ta daɗe tana kallon takardar da injin ya fitar. Ta ce saƙon da ke sa zuciya bugawa yana makara a hanya, wani lokacin ma ba ya isa, shi ya sa ya faɗi. Sannan ta bar takardar ta koma kallon fuskarsa: fatar idon da ta sauko, gefen goshin da ya lotsa, sanƙon da ya fara masa tun yana ɗan talatin. Ta ce kafin komai tana son wani malaminta, likitan jijiyoyi, ya gan shi. Ranar da aka ba mu ta kai kwana goma a gaba.

Likitan jijiyoyin dattijo ne mai furfura, ya ce a Adjamé ya taso, ya san Hausawa. Nafisa ta ɗauki hutu ta zo don ta fassara mana abin da Faransancina na kasuwa ba zai ɗauka ba. Muna shiga ya miƙe ya ba Yaya hannu. Yaya ya kama, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali. Likitan ya amsa, sannan ya ce, “To, saki.”

Yaya ya yi murmushi. “Dokta, mu haka muke gaisuwa a gidanmu.”

“Na ji. Saki yanzu, da sauri.”

Na ga Yaya yana ƙoƙari. Wallahi shekara arba'in da wani abu ina ganin hannun nan, ban taɓa ganin ƙoƙari ne yake yi ba sai ranar. Jijiyar wuyan hannunsa ta tashi, yatsun suna buɗewa kamar ƙofar da ta yi tsatsa, likitan kuma yana ƙirga da baki a hankali. Ya ɗauko 'yar gudumarsa ta roba ya ƙwanƙwasa tudun babban yatsan, yatsan ya lanƙwashe ciki da kansa ya ƙi dawowa. Ya sa shi ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, sau da yawa, sai ga hannu yana saki kamar na kowa. Ya ce haka abin yake: bayan hutu ya fi riƙewa, idan aka motsa shi ya yi ɗumi sai ya saki na ɗan lokaci. Ku riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

“Wa kuma ke gaisuwa haka a gidanku?”

Muka haɗa baki muka ce Baba, har da 'yar taƙamarmu.

“Yana da yanar ido? Yana yawan barci? Ta yaya ya rasu?”

Na ce an yi masa aikin ido tun bai tsufa ba. Na ce ya yi sallar azahar ya zauna a kujerarsa a tsakar gida, aka zo tashinsa la'asar aka tarar ya cika, ba ciwo ba jinya, har liman ya ce mutuwar salihai ce. Likitan ya ce ba ya musun salihancin Baba, amma yana zaton zuciyarsa ce ta tsaya, kuma abin da ya tsayar da ita shi ne yake riƙe hannun ɗansa yanzu. Ya kira sunan ciwon, wani dogon suna, abin da na riƙe a ciki shi ne miyotoni. Ya ce ba kasafai ake ganinsa a ƙasashenmu ba, shi ya sa su ma ba sa saurin kawo shi a rai.

Na ce, “Dokta, me ya haɗa hannu da zuciya da ido da barci? Ai unguwanninsu daban-daban.”

Ya tambaye ni sana'ata. Da na ce ɗinki, ya ajiye bironsa ya ce to zan fi ɗalibansa saurin ganewa.

Ya ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane ɗaki da kantarsa cike da turamen yadi, rabi gadon uwa rabi gadon uba. Ba a taɓa ainihin turmin da almakashi. Kwafinsa ake fitarwa a shimfiɗa, a yanke wasu wurare a zubar, a haɗa sauran. Ya ce, “Turmi ɗaya, riga iri nawa kike fitarwa a ciki?” Na ce ya danganta da yanka, in na so ta jariri, in na so ta uwarsa. Ya ce to haka jiki yake yi, kuma wannan yankan da haɗin su efisaj suke ce masa. Jariri a ciki yana da irin nasa yankan, idan ya fito duniya sai masu almakashi su koma yankan manya. A jikin Yaya akwai turmi guda da wani zare ya yi wa tsawo fiye da kima, abu ɗaya yana ta maimaita kansa. Kwafin wannan turmin ba ya fita daga ɗaki, sai ya cukurkuɗe ya naɗe masu almakashin. Sauran turamen lafiyarsu ƙalau, amma masu yanka su daidai suna ɗaure, sai aiki ya koma yankan jarirai a jikin babban mutum. Naman hannu ya rasa abin da zai ce masa saki, zuciya ta sami hanyar saƙon da ba tata ba, haka sukari, haka sauran.

Ya ƙara da wani abu da ya fi tsaya mini. Ya ce cikin abubuwan da ake ɗinkawa a ɗakunan nan har da masu ba da umarni, waɗanda aikinsu shi ne su ce a sauko da wannan turmin, a bar wancan a kanta. Su ma yanka su ake yi a haɗa. Idan aka yanka mai umarni ba daidai ba, ɓarnar ta wuce riga ɗaya, ta shiga shagon gaba ɗaya.

Nafisa tana cikin fassarawa sai ta tambaye shi da Faransanci wani abu da ba ta fassara mana ba, amma na ji amsar. Ya ce duk ɗan da mai ciwon ya haifa, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, rabi da rabi ne, kuma sau da yawa yana fitowa da wuri a 'ya'ya fiye da iyaye. Ta sa hannayenta a ƙarƙashin jakarta.

Ya ce babu maganin da ke warware zaren tukuna, ana kan nema. Amma zuciyar ana iya tsare ta. Akwai ɗan batirin da ake sakawa a ƙarƙashin fata a ƙirji, su pil suke ce masa, idan saƙo ya makara shi sai ya buga. Ya ce za a ɗebi jini a aika waje don a tabbatar, amsar za ta daɗe, amma batirin kada ya jira amsar. Sau biyu ya faɗi wannan, har ya ɗaga yatsa.

A hanyar komawa Yaya bai yi barci ba, abin da ban taɓa gani ba a mota. Muna kan gada ya ce, “Wato duk gaisuwar Baba ciwo ce?” Washegari ya ce mini ya yi mafarki ruwan da ke tsakanin unguwata da tasu ya zama shuɗin yadi, an shimfiɗa shi daga gaɓa zuwa gaɓa, ni ina tsaye da almakashi ina neman inda zan fara.

A nan dole in yi godiya. Batirin ba abin talaka ba ne. Alhazan da Yaya ya yi shekaru yana fitar wa kaya suka tashi tsaye, aka yi magana a masallacin Juma'a, matan gidansu har da waɗanda ba addininmu ɗaya ba suka kawo abin da suka iya. Kawu Garba, duk da yana ta faɗan ba a sa wa Musulmi ƙarfe a ƙirji alhali yana tafiya da ƙafarsa, shi ya fi kowa bayarwa. Cikin mako uku abin ya haɗu. Likitar zuciya ta ba mu rana, saura mako biyu Sallah. Ta ce bayan aikin zai yi makonni ba ya ɗaga hannun hagu sama, ba ya ɗaukar nauyi.

Nan ne muka yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutun.

Tun rasuwar Baba, Yaya ne ke yanka layyar gidan nan gaba ɗaya, tamu da ta maƙwabta. Shi ke kayar da rago, shi ke riƙe wuƙa, kuma an san wuƙa ba ta taɓa kuɓuce masa ba. Ya ce, “In an yi mini aikin nan, wa zai yanka? A ɗaga zuwa bayan Sallah. Mako uku ne fa.” Kawu ya ce wannan ita ce magana, mutumin da ya kai shekarunsa da zuciyar nan ba mako uku ne zai gagare shi ba. Nafisa ta fashe da kuka tana cewa, “Papa, dokta ya ce kar a jira, ya faɗa sau biyu!” Suka juyo suna kallona, don an san in na kafe a kan abu ba mai tayar da ni.

Ni kuma a lokacin ɗinkin Sallah ya kai mini har wuya. Jinya ta cinye mini makonni, leda-leda na kayan mutane sun cika shago, mata suna kirana suna zagi. Na lissafa kwanakin da zan yi a asibiti idan aka yi aikin kafin Sallah. Na ce, “To, tunda ya ƙwallafa rai, a bar shi ya yi yankansa.” Na faɗa kamar don shi na faɗa. Da bakina na kira aka ɗaga ranar. Likitar ta ce ba ta so, na ce mun gode, mun riga mun yanke shawara.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi daɗi, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Yaya ya warware, yana zolayar yara, ya je ya zaɓo rago da kansa. Yana bin maganar likita, kullum yana zaune a inuwa yana buɗe hannu yana rufewa, yana cewa yana koya wa yatsunsa ladabi.

Saura kwana uku Sallah na biya da hantsi in ajiye masa abinci in wuce. An yi ruwa da safe, rana ta fito, tsakar gida na tururi, ragon na ɗaure a gindin bishiya. Na same shi ya jera wuƙaƙe yana wasawa. Ya ce, “Zo ki gani.” Ya ɗaga hannun ya buɗe ya rufe da sauri sau biyar, ya miƙo mini wuƙa ya sake ta nan take, ya karɓa ya ajiye. “Tun ɗazu nake motsa shi. Yau hannun kowa gare ni.” Na ce madalla, ni zan wuce, akwai mai zuwa karɓar kaya.

Ya miƙo hannu na ba shi nawa. Ya riƙe. Ya tambayi maigidana, ya tambayi yara da sunayensu, ya tambayi ko keken da ke tsinke zare ya gyaru. Tambayoyin suka ƙare, bai saki ba. Yana dai kallona da idanun nan nasa rabi a buɗe. Wayata na ta ƙara a jaka.

Na ce, “Kai Yaya, ciwon nan naka! Ina sauri.” Na sa ɗaya hannun na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yadda na ga ɗan sandan nan ya yi a jirgi, na fita ina gyara mayafi.

Ya yi sallar azahar ya zauna a kujerar Baba. Maƙwabciyarsu ce ta je tashinsa la'asar.

Da Kawu ya buɗe baki a wajen zaman makoki ya ce mutuwar salihai, irin ta ubansa, ban san lokacin da na daka masa tsawa a gaban mutane ba. Na ce mutuwar mako uku ce, kuma da ni da shi muka sa hannu. Ban kyauta ba, dattijo ne, kuma na ga yadda ya koma gefe yana share hawaye da hannun riga. Na je na ba shi haƙuri daga baya. Na sani kwana idan ya ƙare ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma Allah ɗin ne Ya haɗa mu da likitan da ya ɗaga yatsa ya faɗa sau biyu. Ragon, wani maƙwabci ne ya yanka, cikin minti kaɗan, ba wata wahala.

Sai bayan sadakar bakwai, ina zaune a keke ƙafata ta tsaya da kanta, abin ya faɗo mini. Hannun ya yi ɗumi ranar. Da idona na ga ya saki wuƙa. Likita ya ce idan ya yi ɗumi yana saki kamar na kowa. To ba ciwon ne ya riƙe ni ba. Shekara da shekaru muna ɗaukar ciwo a matsayin ƙauna, ranar da ya riƙe ni don kansa kuma na ce masa ciwo ne. Wannan ba ya barina, kuma ban ce ya bar ni ba.

Amsar jinin ta iso bayan arba'in, ta tabbatar da abin da dattijon likitan ya faɗa. Ya ce a kawo 'yan'uwa. Na je aka duba ni, aka ce ba ni da shi, na zauna a bakin titi na yi kukan da ban san ko na murna ba ne ko na kunya. Nafisa kuwa ta ƙi zuwa. Ta dawo gidana da zama, tana cewa lafiyarta lau, aiki ya yi mata yawa. Amma tun a zaman makoki na ji wata tsohuwa ta riƙe ta tana cewa, “Allah sarki, hannun babanta sak!” Kuma ina ganin yadda take fama da murfin kwalba da safe, ta juya mini baya don kada in gani.

Ban yi mata faɗa ba, ni da faɗa ba ya yi mini wuya. Na bari sai wata Lahadi muna tsinke zaren wata riga da na yi kuskuren haɗawa, na ba ta labarin wuƙar da hannun, da abin da ya sa na yarda a ɗaga ranar. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ita, sai ku yanzu. Da na gama ta ce, “Gwaggo, ki karɓo mana randebu, a ba mu ranar ganin likita. Amma ke za ki raka ni.”

Ga saƙona, ku na Kano da ku na nan. Idan akwai wanda hannunsa ke nauyin saki a gidanku, ko mai barcin da ya wuce misali, ko wanda yanar ido ta kama tun da sauran ƙuruciya, kada ku tsaya yabo ko zolaya. Ku kai shi a duba zuciyarsa, ku gaya wa likita labarin gidanmu, kuma ko aikin me za a yi masa a asibiti a sanar da masu sa barci tukuna. Idan aka ba ku rana, ku je ranar. Rago kowa na iya yanka shi.

Ranar da muka je asibitin da Nafisa, ɗinkin wani biki ne a gabana, na kulle shago na kashe waya. Muka zauna a bencin nan dai, fankar nan na juyawa, hasken rana ya faɗo ta taga a kan ƙafafunmu. Nafisa ta jingina kanta a kafaɗata inda ubanta ke sa nasa, ta lalubo hannuna ta riƙe. Can aka kira sunanta. Ta miƙe, hannuna na cikin nata, ta dube ni.

“Gwaggo, ban sani ba ko zan iya saki.”

Ban tambaye ta ko ciwon ne ko ita ce ba. Na ce, “Wa ya ce ki saki?” Na ɗauki jakata da ɗaya hannun, muka shiga tare.